Hancin Inna da Injin Hayaƙi

Shekarar da idon Inna ya fara gazawa muka ɗauko ta daga Zariya ta dawo wurinmu a Abuja. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare ɗan abin da ya rage da maganin ɗigawa safe da yamma, kuma a kiyaye kada ta faɗi. Wannan magana ta ƙarshe ita na riƙe hannu bibbiyu. Gidanmu a hawa na biyu yake, ƙasan duk tayil mai santsi, kicin ɗin kuwa idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya nemi izini kafin ya juya. Don haka na kafa doka cewa Inna ba za ta shiga kicin ba. Ga wutar gas, ga ruwan zafi, ga santsi. Na ce ta zauna a ɗakinta ta huta, girkin da ta yi wa duniya ya isa haka.

Ta ce to, irin to ɗin nan da ba yarda a cikinsa. Ta zauna ɗin kuwa, amma hutu ba ta yi shi ba. Ɗakinta yana ƙarshen lungu, sai ta mai da shi ofishin duba girki. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta taɓa kama sunana ba, tun ina yarinya "ke" ce kawai. Ina tsaye ina suya sai in jiyo muryarta daga can.

"Ke, albasar nan ta kai."

In duba, ta kai ɗin. Ko ta ce, "Manjan nan ba ki bar shi ya soyu ba." Ko kuma, "Daddawar wa kika sayo? Mai ita gaggawa ta yi." Ta san lokacin da shinkafa ta fara kamu tun kafin ni da ke riƙe da ludayi in sani. Wata Lahadi na shiga wanka na bar nama a wuta, sai na ji ta ce, "Wani ya buɗe tukunya." Kunyar suruki ba za ta bar ta ta faɗi ko wane ne wanin ba. Na fito na tarar da maigida a falo yana hura yatsu, yana karanta jarida a juye.

Ba wani ikon waliyyai ba ne, laifin ginin ne. A gidanmu na Zariya a tsakar gida ake girki, hayaƙi ya yi sama abinsa, kowa ya kama gabansa. A nan tagar kicin ɗin ƙarama ce, kuma bangon ginin maƙwabta take kallo. Ƙamshin miya ba shi da wurin zuwa sai cikin gida. Ya shiga labule, ya shiga kujeru, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kwana a cikin kayan sawa. Silin ɗin kicin ya yi jawur da maiƙo. Na sha yin turaren wuta, sai abin ya koma turare mai daddawa.

A ofis ne abin ya fara damuna. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina shugabantar sashe, ina shiga taro da manya. Akwai wata abokiyar aikina Kirista daga wajen Jos, teburinmu na kallon juna, ba ta iya ɓoye abin da ke bakinta. Ina shigowa da safe sai ta ɗaga hanci.

"Madam, jiya miyan kuka ne ko? Na ji shi tun daga lif."

Ranar da ba ta canka daidai ba, ranar ba mu yi girki ba ne. Mu yi dariya tare, amma ni ta ciki na ciki, domin idan ita ta ji, oga ma ya ji, bai faɗa ba ne kawai. Ita ce dai ta ba ni labarin injin da ake kafawa a saman rishon gas ya zuƙe hayaƙi. Na kira mai kula da gidajen hayar da muke ciki na tambaye shi ko za a iya huda bango a fitar da bututu. Ya ce ko ƙusa zan kafa sai mai ginin ya sani, balle rami. Na ce masa ai numfashi ma sai mun riƙa neman izini, ya ce a rubuce.

Ran Asabar muka tafi kasuwa ni da maigida. Kafin mu fita na auna faɗin rishon da igiya, na yi ƙulli a kowane gefe, na jefa ta a jaka. Mai shagon Bakano ne, mai fara'a, irin wanda zai sayar wa mutum da laima a tsakiyar hunturu. Na faɗa masa matsalar bango.

"Hajiya, ai iri biyu ne," in ji shi. "Akwai mai bututu, shi sai an huda. Akwai kuma wanda ba ruwansa da bango. Ya zuƙe, ya tace, ya dawo miki da iskarki cikin kicin. Naki ke nan."

Ya juya ɗaya ya nuna mana cikinsa. Daga ƙasa akwai ragar ƙarfe mai kama maiƙo. A bayanta akwai wasu faya-fayi guda biyu baƙaƙe, cike da ƙwayoyin gawayi, su ne masu shanye ƙamshi. Maigida na jin gawayi ya washe baki.

"Gawayi dai? Ai mai tsiren layinmu zai ba mu buhu."

"Oga, ba irinsa ba ne," in ji mai shago. "In ka zuba wancan, tuwon Hajiya zai fito da kwalli."

Idon maigida kan wani ƙato ya faɗa, mai gilashi lanƙwasasshe da fitilu shuɗɗa, wanda da hannu ake yi masa alama ya tashi. Na fito da igiyata. Ƙaton ya wuce tsakanin ƙulli biyun da kusan taƙi guda, ba zai ma shiga tsakanin kabad ɗina ba. Wani ƙarami kuma bai kai ba, mai shago ya ce in bai rufe duk bakunan wuta ba, hayaƙin gefe zai tsere. Na ce a kunna mini waɗanda suka yi daidai in ji ƙararsu. Na farko ya tashi kamar janareto, har sai da muka daina jin juna. Na biyu ya yi dama-dama. Sai mai shagon ya rage murya ya ba ni shawarar da har yau nake gode masa. Ya ce kada in sayi wanda idan gawayinsa ya ƙoshi sai an yi odarsa daga waje, in ɗauki wanda faifansa yake a kowane layi na kasuwa. Muka ɗauki na biyun, maigida na waiwayen mai shuɗin fitila har muka bar shagon.

Wanda ya zo kafawa mutumin Filato ne da ke zaune a Mpape, dattijo mai furfura a gemu da fensir a bayan kunne. Sai da ya fara zuwa ƙofar Inna ya durƙusa ya ce, "Sannu Mama," kafin ya buɗe jakar aikinsa. Ya yi awo ya sake awo.

"Madam, in ya yi ƙasa da yawa wuta zai lashe shi, kanki ma zai buga. In ya yi sama da yawa hayaƙi zai wuce shi ya tafi yawo."

Da ya gama ya tsayar da ni kamar ɗaliba. Ragar, in ji shi, kowane wata a cire a wanke da ruwan zafi da sabulu. Gawayin ba a wanke shi, in ya ƙoshi sai canji. Tagar in ci gaba da buɗe ta, domin injin ba ya shan tururi, ba ya shan zafi. Ƙofar kicin kuwa in riƙa rufewa, in kunna shi kafin in ɗora tukunya, in bar shi ya ɗan yi aiki bayan na sauke.

Ashe Inna na kasa kunne. Ta ɗaga murya daga ɗaki. "Ɗana, abin da ya zuƙa ina yake kaiwa?"

"Mama, yana riƙe warin ne, ya dawo da iska."

"Wari?" in ji ta. "A gidan nan ƙamshi ake yi."

Ya ba ta haƙuri yana dariya, ita ma ta sa masa albarka.

Injin ya yi aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Da ƙofa a rufe, taga a buɗe, shi kuma yana gurnani a sama, ɗan abin da ke tserewa bai kai falo ba balle ƙarshen lungu. Na wanke labulaye, na ba da kujeru aka goge. Abokiyar aikina ta ɗaga hanci ran Litinin ta sauke.

"Madam, kuna azumi ne?"

Kicin ya yi tsit kuma. Babu mai ce mini albasa ta kai. Gaskiya ɗaya ce, na ji daɗin shirun nan. Mace mai 'ya'ya a jami'a, a ce kullum ana yi mata gyara daga ɗaki, abin yana ci mini rai ko da ba na faɗa. Na yi makonni ina girki ni kaɗai da raina, har waƙa nake yi. Shinkafa ta kama sau biyu, na kankare na yi shiru, ba wanda ya sani.

Na lura Inna ta rage cin abinci. In kai mata, ta taɓa kwanon, ta yi loma uku ta ture. Na ɗauka maganin ido ne ke ɗauke mata sha'awar ci. Ta rage magana ma, ta koma daga carbi sai rediyo. Da can ƙamshin girkin yamma ke gaya mata magariba ta kusa, yanzu sai ta riƙa tambayar ƙarfe nawa. Duk na gani, amma ban haɗa wannan da wancan ba.

Ƙanwarta da ke Zariya, wadda muke ce wa Inna Ƙarama, ita ta haɗa mini. Ta kira ni ina ofis, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba.

"Ashe abincin saye kike ba uwarki?"

Na ce wane irin abincin saye?

"Ita ta gaya mini. Ta ce an fi wata ba a ɗora tukunya a gidan ba. Sai dai ta ji ƙarar wani abu, can a kawo mata abinci a kwano. Ta ce ba ta ga laifinki ba, aiki ya yi miki yawa, amma ita ba ta saba cin abin da ba ta san hannun da ya dafa ba."

Na yi dariya har abokiyar aikina ta ɗago kai. Ni da nake tashi tun asuba in tuƙa tuwo kafin in shiga cunkoson hanya, a ce da ni mai sayen abinci. Amma kafin in ajiye wayar dariyar ta ƙare, domin Inna Ƙarama ta ƙara da cewa Inna ta riga ta yi magana da ƙanena, zai zo ƙarshen wata ya mai da ita Zariya. Gidan Zariya ba kowa a cikinsa sai 'yan haya. Ba mai ɗiga mata magani safe da yamma.

Da yamma na ɗora miya, na je na riƙo hannunta na kawo ta bakin ƙofar kicin, na buɗe. Ta tsaya ta ja numfashi mai tsawo. Ta ce, "Kuɓewa busasshiya." Na kama hannunta na ɗaga shi kusa da ragar, ta ji yadda iska ke jan tafinta. Ta daɗe a haka.

"Ashe kina girki," ta ce.

"Kullum, Inna."

"To na ɗauki alhakinki. Ki yafe mini." Ta sauke hannun ta goge a zaninta. "Da hanci nake ganin gidan nan. Ido ya tafi, ke kuma kin sayo abin da ya kwashe sauran."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Na ce to yanzu da ta gane, sai a fasa tafiyar. Ta ce a'a. Ta ce mutum ba ya zama inda ba a bukatarsa, ko da ana sonsa. Na mai da ita ɗaki, na dawo na tsaya ina kallon miyar har ta kusa ƙonewa.

Sai na shiga dabara. Washegari na bar injin a kashe, na wangale ƙofa, na zuba albasa a mai na tsaya ina kallonta tana yin ja, tana yin baƙi. Na kasa kunne. Shiru. Hayaƙi ya cika falo, maigida ya fito yana tari. Can sai muryarta ta zo, a kwance.

"Wannan ƙunar da gangan ce. Mai mantuwa ba ya tsayawa a kan tukunya, na ji ba ki motsa ba."

Kunya ta kama ni kamar an kama ni da hannu a tukunyar wani. Na sake gwada wata hanyar, na daina kunna shi gaba ɗaya har kwana huɗu. Abokiyar aikina ta ce, "Madam, an sha ruwa ke nan." A rana ta biyar Inna ta kira ni ta ce in kunna abina. Ta ce ba za ta zama dalilin da za a riƙa yi wa 'yarta dariya a wurin aiki ba, kuma ba ta son ƙamshin sadaka. Daga nan dabara ta ƙare mini. Ta sa na fito mata da jakunkunanta, ta riƙa ninke zannuwanta da kanta tana shafa su, ni kuma ina wucewa ta ƙofar ina yi kamar ban gani ba.

Ƙanena ya iso ran Asabar da hantsi. Ya gaisa, ya kwashi jakunkunan ya kai mota, ya dawo ya zauna a falo da maigida suna jiran Inna ta gama shiri. Ni na rasa inda zan sa kaina. Ba na son in zauna a falo in yi kuka gaban ƙanena. Sai na tuna an wuce wata ban wanke ragar ba. Na cire ta, na zauna a kujera 'yar tsugunno a tsakiyar kicin, na tsoma ta a roba da ruwan zafi da sabulu, na hau gurza da buroshi kamar ita ta yi mini laifi.

Ban ji zuwanta ba. Ta bi bango da hannu ita kaɗai tun daga ƙarshen lungu, da mayafinta na tafiya a kafaɗa. Sallama ta zo yi mini. Na buɗe baki zan ce Inna santsi, sai na haɗiye.

"Me kike gurza haka?"

Na ce ragar injin ce, maiƙo ya toshe ta.

"Ba ni."

Na tashi na zaunar da ita a kujerar, na miƙa mata. Ta bi ragar da yatsu, lungu-lungu, ta murza ɗan yatsa da babban yatsa, ta kai hanci.

"Wannan kika wanke?"

"Ban gama ba."

"Ba ki fara ba. Sabulun nan naku kumfa kawai ya iya. Akwai kanwa?"

Akwai. Ta ce in dandaƙa ta in jiƙa a tafasasshen ruwa. Ta cire mayafin ta miƙo mini ba tare da ta juyo ba, ta naɗe hannun riga. Da ruwan ya ɗan huce ta tsoma ragar ta bar ta ta sha, tana ba ni labarin yadda kakata ke wanke tukunyar suyar ƙosai. Sannan ta hau wanki. Ba ta yi gaggawa ba. Duk inda idona ya ce ya fita, yatsanta sai ya ce da saura. Maiƙo ya riƙa tasowa saman ruwan, ja, mai kauri, muka zubar muka sake wani har sau uku. Ta ce in matsar da robar hagu, na matsar. Ta ce ruwan ya yi sanyi, na ƙaro. Rabona da in ji daɗin a aike ni tun ina 'yar firamare.

Ƙanena ya leƙo da makullin mota a hannu. "Inna, rana tana yi, kin san hanyar Kaduna."

"Ina aiki," ta ce. Ya dube ni, na yi masa alama ya koma.

Da muka ɗauraye na ɗaga ragar wajen taga na duba. Ashe irin wannan ƙarfen ba ya shiri da kanwa. Ragar da take fara tas tana ƙyalli ta koma toka-toka, ta dusashe, wani wurin har da dabbare-dabbare. Amma ko ɗigon maiƙo babu, ana hango haske ta kowace ƙofa.

"Ta yi haske?" in ji Inna.

Na kusa cewa ta yi. Amma matar da ta gane ƙunar albasa ta ƙarya daga ƙarshen lungu, ba zan sake yi mata wata ba.

"Ta fita tas, Inna, ba maiƙo ko kaɗan. Sai dai kanwar ta ci ta, ta yi duhu."

Ta karɓa ta sake shafawa, ta ɗan taɓe baki. "Ke kika cika kanwar. Na ce ki dandaƙa, ban ce ki juye duka ba." Ta miƙo mini hannuwanta in zuba mata ruwa. "Sau nawa aka ce ana wanke ta?"

"Duk wata."

Ta ɗauraye hannun a hankali, ta yarfe. "To wata mai zuwa rabin wannan za ki jiƙa mini. Kuma kujerar nan ta yi ƙasa, gwiwata ba ta so. A nemo mai ɗan tsayi a ajiye ta nan gefen ƙofa."

Na ce to. Na jingine ragar a taga ta tsane, na goge ruwan da ya zuba a tayil, na fita falo na ce wa ƙanena ya je ya shigo da jakunkunan.